Alaramma Ya Karanta Farin Kati

Suna dab da Kwanar Dangora wayar Sista Saudatu ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta ɗauka, sai ta ji muryar wata dattijuwa ƙasa-ƙasa, kamar mai magana ta cikin mayafi.

"Likita ce? Yalwa ce, ta gidan Alaramma Ladan. Wayar maƙwabciya na ara."

"Inna Yalwa! An tashi lafiya? Yaya jikin Malam?"

"Da sauƙi. In ji shi." Muryar ta ƙara yin ƙasa. "Ni dai ban ce komai ba, 'yar nan. Amma in hanya ta biyo da ke, ki leƙo."

Ƙit! Aka kashe.

Saudatu ta ƙura wa wayar ido. Shekara tara tana aikin jinya a sashen masu ciwon ƙoda, ta san matan karkara sarai. Wadda za ta ari waya don ta ce ba ta ce komai ba, to ta gama faɗin komai.

"Mas'ud, shiga Dangora."

Direban asibitin ya waiwayo. "Sista, ai Tudun Wada ce a takardar yau. Kuma kin dubi gabas kuwa?"

Ta duba. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ya kife a kan gonakin masara kamar murfin tukunya.

"In ruwan nan ya riga mu, rafin ƙauyen Alaramma ba shi da mutunci," in ji Mas'ud. "Sai dai mu tare a can, a yanka mana allo mu ma."

"To taka ta, ka rage surutu."

Aikin Saudatu ba irin wanda aka saba gani ba ne. Mutum in ƙodarsa ta gaza, hanya biyu gare shi: ko a riƙa kai shi birni sau uku a mako inji ya wanke masa jini, ko kuwa a dasa masa siririyar roba a ciki ya riƙa wankin da kansa a ɗakinsa. Sau huɗu a rana zai haɗa robar da ledoji biyu, ya fitar da tsohon ruwa a ɗaya, ya zuba sabon ruwan magani daga ɗayar, ruwan ya zauna a ciki yana jiƙo dattin jiki. Saudatu ce mai koyarwa, ita ce kuma mai jarrabawa. Matakai goma sha bakwai ne a takardarta, sai mutum ya ci su duka take sa hannu a sallame shi gida. Don bakin robar nan ƙofa ce kai tsaye zuwa cikin mutum. Yatsa ɗaya ya goge shi, shi ke nan, cuta ta samu hanya.

Mutum biyar take zagayawa daga Bebeji zuwa Doguwa. A da ke nan. Yanzu huɗu ne. Safara'u ta Doguwa ta ci sha bakwai cif, Saudatu ta sa mata hannu tana yi mata barka. Bayan wata uku ruwan da ke fita daga cikinta ya gurɓace, ta ce bari a gama sunan ƙanwarta tukuna. A bayan mota ta cika, ana hango tafkin Bagauda. Har yau in Saudatu ta ɗauki biro za ta sa hannu, sai ta ji yatsunta sun yi sanyi.

Alaramma Ladan kuwa shi ne ɗalibin da take alfahari da shi. Mutum ne da ya rubuta Alƙur'ani sau uku da ka. Sau ɗaya ta jero masa matakan, ya mayar mata da su daga na ɗaya zuwa na sha bakwai, ya sake komowa da baya yana dariya. Duk da haka cuta ta shige shi da azumin bana, aka sha wuya kafin ta fita, kuma ba a gano ta inda ta bi ba. Ranar sallama, Likita Hayatu, shugaban sashen, ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ta sake dawowa, aka kwana biyar ruwan bai washe ba, za a cire robar. Cire roba ga mutumin da rafi ke raba shi da kwalta duk damina, kowa a ɗakin ya san ma'anarsa. Zuwa birni sau uku a mako ba zai yiwu masa ba.

Suka tarar da rafin iya ƙwauri, jajir, yana tafiya da karan masara. Suka haye.

A zauren Alaramma allunan magidantan da ke ɗaukar karatu bayan la'asar suna jingine a bango. Idon Saudatu ya faɗa kan kurtun tawada. Ya bushe har ya tsage, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakanin alƙaluman. Ta gani ta wuce.

Yalwa ta tare ta a tsakar gida, gajeruwar mace mai kauri, tafin hannu ja da lalle. Ba ta ko kalli idon Saudatu ba, ta ɗaga murya.

"Malam! Ga Likita Saudatu, direbanta yana zaure. Ta shigo, ga ta nan ta damanka."

"Ai na gan ta," in ji Alaramma daga kan buzu. "Ke kullum sai kin yi shela kamar sanƙira."

Saudatu ta durƙusa. "Allah gafarta Malam, mun same ku lafiya? Yaya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Amma yau ba ranar jarrabawa ba ce, 'yar nan. Saura kwana goma sha ɗaya."

"Ta bazata ce."

"Madalla. Masu tambayar kabari ma ba sa aiko da takarda."

Ya yi dariya, dariyar ta yanke a tsakiya. Hannunsa ya tafi ciki, ya yi maza ya karkatar da shi kamar rigarsa yake gyarawa. Ga sanyin hadari yana kaɗawa, amma goshinsa tsaf-tsaf da gumi.

"Lokacin wankin rana ya yi," in ji Saudatu. "Mu je in gani."

Ɗakin wankin ƙarami ne, an shafe shi da farar ƙasa, an kafa ƙusa a bango don rataye leda. Alaramma ya shiga ba tuntuɓe, ba lalube. Yalwa ta ɗaura takunkumi ta zauna a kusurwar gabas, inda take zama kullum tun ranar da aka dawo da shi gida. Saudatu ta buɗe takardarta.

"Na ɗaya, a rufe taga da ƙofa," Alaramma ya soma, da irin muryar da yake biya wa ɗalibai. "Na biyu, a goge tebur. Na uku, a ɗaura takunkumi. Tofin da kika hana ni kuma, yanzu a zuci nake yin abina."

"Allah ya karɓa."

Ya wanke hannu da sabulu, tsakanin yatsu, bayan hannu, ƙarƙashin farce, bai yi gaggawa ba. Ya tsane da takardar goge hannu. Ya matsa ledar ya ji ko tana yoyo. Saudatu tana ta caka alama. Biyar. Shida. Bakwai. Ko a asibiti ba a yi abin da ya fi wannan kyau. To me ya sa tsohuwa ta ari waya?

"Na tara, a haɗa," in ji shi. "Kawar da kai, 'yar nan, cikin dattijo ne."

Ya juya mata baya, ya fuskanci gabas, ya ɗaga riga. Haka yake yi a kowace jarrabawa, ita kuma kunya ba ta taɓa barinta ta zagaya ta leƙa ba. Ta ji ƙarar murɗa roba, ƙyas. Ta caka alama.

Ya ajiye ledar da babu komai a cikin tsabtataccen baho a ƙasa, ya buɗe makullin robar. Ruwa ya soma gangarowa.

Biron ya tsaya a hannun Saudatu.

Ruwan lafiya ɗorawa-ɗorawa yake fita, garau, kamar shayin da bai ji ganye ba. Wannan kuwa fari ne, kamar ruwan gasara, da wasu zare-zare suna yawo a ciki. Ta ɗaga kai. Daga kusurwa idanun Yalwa suna kanta, ba sa ƙiftawa. A waje iska ta buga langa-langa.

Ta buɗe baki, ta rufe. Mataki na sha huɗu nasa ne: shi zai duba ruwan, shi zai faɗi abin da ya gani. In ta riga shi, ba za ta taɓa sanin abin da yake yi ranar da ba ta nan ba. Ta cije leɓe ta jira. Minti ashirin ledar ta ɗauka tana cika, Alaramma yana ba ta labarin wani ɗalibinsa ɗan shekara saba'in da ya kasa wuce izu biyu. Ba ta ji ko rabi ba.

"Na sha huɗu, a duba," in ji shi.

Ya kulle robar, ya miƙa hannu kan tebur ya ɗauko kati. Ita ta rubuta masa katin da hannunta, da ajami, tun ranar farko, har ya gyara mata wasali biyu yana tsokanarta. Ya shimfiɗa shi, ya ɗora ledar a kai, ya sunkuya.

"Ɗora leda a kan wannan kati," ya karanta, yatsansa yana bin saman ledar. "In ka karanta rubutun nan, ruwanka garau ne. In ka kasa, kira asibiti yanzu, kada ka jira gobe." Ya ɗago. "Garau. Alhamdu lillahi."

Saudatu ta matso ta leƙa. Ko gefen katin ba ta iya hangowa ta cikin ruwan.

Ƙarya yake yi? Ta dubi fuskarsa. Fuskar mai jiran a ce masa ya ci ce, ba ta maƙaryaci ba. Idanunsa suna kallon wajen kafaɗarta, ɗan nesa kaɗan da inda fuskarta take. Sai kurtun tawadar nan ya faɗo mata a rai. Sai shelar Yalwa: ga ta nan ta damanka.

Ta zura hannu a jaka ta zaro sabon kati cikin waɗanda ba ta riga ta rubuta ba. Fari fat, gaba da baya.

"Malam, wancan ya tsufa. Ga sabo na rubuto maka da manyan baƙi. A sake mini."

"Ke dai ba kya gajiya." Ya karɓa, ya zura shi ƙarƙashin ledar, ya sunkuya. "Ɗora leda a kan wannan kati. In ka karanta rubutun nan, ruwanka garau ne. In ka kasa..."

Ya kai har ƙarshe, bai tsallake kalma ba.

"Allah gafarta Malam," in ji Saudatu. "Babu rubutu a katin nan."

Can nesa, wajen Kiru, aka yi tsawa mai tsawo.

Yatsan Alaramma yana nan a kan ledar, bai ɗauke ba. Da ya yi magana, muryar biya karatu ta tafi.

"Tarko kika ɗana mini a ɗakina?"

"Tun yaushe, Malam?"

"Cewa kika yi in karanta. Na karanta. Mu a wurinmu karatu a ƙirji yake, ba a takarda ba."

"Tun yaushe idon?"

Alaramma ya kawar da kai.

"Tun kaka," in ji Yalwa daga kusurwa.

"Yalwa!"

"Tun kaka, Likita. Na hagu ya riga tafiya. Na dama yana ganin haske da inuwa."

Saudatu ta ajiye takardar. Ciwon suga ne ya ci ƙodar, ga shi ya bi ta ido, ita kuma wata da watanni tana caka alama. Ta sa safar hannu, ta karɓi ragamar aikin. Ta ɗan danna cikinsa, ta saki. Dattijon ya yi wani nishi da ya sa Yalwa ta miƙe tsaye. Ma'aunin zafi ya nuna talatin da tara.

Ta kira Likita Hayatu. Bai bari ta gama ba.

"Ki zuba maganin farko a sabuwar leda, ki haɗa da hannunki. Ki ƙulle gurɓatacciyar ki taho da ita ɗakin gwaji. Shi ma ki taho da shi. Yanzu, Sista, ba anjima ba."

Ta yi yadda aka ce. Tana cikin yi ɗigon farko ya faɗo a kan langa-langa, ƙwas, kamar an jefa tsakuwa. Daga zaure Mas'ud ya ɗaga murya: "Sista! An fara fa!"

"Malam, tashi mu tafi."

"Gobe."

"Katin da ka haddace me ya ce game da gobe?"

"Na ce gobe." Ya dafe tebur. "Yau magidanta za su zo, mutum goma sha biyu. Akwai wanda ya taho tun daga Doguwa da rubutunsa in duba masa. Kina so a fito da ni ta zaure a riƙe da hannuna, gari ya taru yana kallo? Alaramma Ladan, mai duba rubutun mutane, ashe bango yake kallo?"

"Ina so ka kai gobe ne, Malam. Safara'u ma jibi ta ce."

"Rai na Allah ne."

"Na Allah ne. Robar kuwa amana ce a hannuna, kuma ni na sa hannu na ce ka iya."

Ruwan ya ƙaru. Alaramma ya juya fuska bango, irin juyawar da ke nufin an gama magana. Saudatu ta dubi agogo. Ba ta da ikon ɗaukar dattijo da ƙarfi, kuma ta san rafin nan ba ya jiran a gama lallashi.

Sai Yalwa ta cire takunkumi.

"Malam, shekara arba'in da ɗaya ban taɓa katse ka ba. Yau ka yafe ni." Ta matso gabansa. "Wa kake tsammani yake ajiye maka takalmi a wuri ɗaya kullum? Wa yake mayar da buta gindin turmi in jikoki sun ɗauke? Shelar da kake cewa ina yi, don nishaɗi nake yi? Magidantan naka kuwa, uku daga ciki sun sani. Shi ya sa suke karanto maka rubutunsu da baki suna cewa hannunsu ba kyau."

Alaramma ya sunkuyar da kai.

"In ka juya wa Likita baya, ni kake fuskanta," Yalwa ta ci gaba. "Ina gani. Da babban yatsa kake lalubo bakin robar kafin ka murɗa."

Saudatu ta runtse ido. Ga ƙofar da aka yi wata biyar ana nema. Mataki na tara.

"Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

"Yatsan wankakke ne, na ɗauka ba komai. Ruwan kuwa tun Asabar na ce masa ya yi fari. Ya ce ya karanta kati." Ta juyo, kuma a karon farko ta kalli Saudatu ido cikin ido. "Ke da bakinki kika ce wanda ya karanta shi ya san lafiyar ruwa. Ni surorin sallah kaɗai na riƙe, baƙi ko ɗaya ban sani ba. Ina ni ina musu da Alaramma a kan karatu?"

Maganar ta daki Saudatu a ƙirji. Karanta. Ita ta zaɓi kalmar, ita ta rubuta ta a katin mutum biyar. Da ta ce a gani, da tun Asabar an kira ta.

"Kwana uku ke nan," ta faɗa a hankali.

"Huɗu da yau," in ji Yalwa. Ta ɗauko babbar rigarsa daga ƙusa, ta ɗora masa a kafaɗa. "Ba wanda zai riƙe hannunka. Ni zan shige gaba da kwandon kaya ina mita, kai ka bi muryata kana yi mini faɗa, yadda muka saba. Tashi."

Ya daɗe a zaune. Sannan ya miƙe, a dunƙule, hannu a ciki.

Haka suka ratsa zaure, Yalwa a gaba tana ƙorafin an sa ta fita cikin ruwa, shi a baya yana cewa mata ba su da haƙuri. Maza biyu da suka fake a zauren suka durƙusa suka gaishe shi, ya amsa musu da sunayensu.

Rafin da suka haye iya ƙwauri yanzu ya rufe duwatsun bakinsa. Mas'ud ya tsaya, ya fita, ya naɗe wando ya shiga da sanda. Ruwa ya kai masa gwiwa, ya wuce. Ya dawo yana tsiyaya.

"Sista, in za mu shiga, yanzu ne. Minti goma nan gaba ko tirela ba ta isa ba. In kuma ta mutu mana a tsakiya..."

Saudatu ta waiwaya. Alaramma yana kwance a kujerar baya, kansa a cinyar matarsa, haƙoransa suna haɗuwa, leɓunansa suna motsi da karatu. A ƙafarta ga ledar farin ruwan a cikin akwatin sanyi.

"Shiga."

Motar ta dulmiya hanci. Ruwa ya daki ƙofa ta dama, ya tura motar gefe, ya fara shigowa ta ƙasa yana lasar takalmansu. A tsakiya injin ya yi tari. Ya sake yi. Mas'ud ya danne da dukkan ƙarfinsa yana kiran sunan Allah, tayar baya ta yi ta juyi a banza, sannan ta kama wani abu mai tauri. Suka fito ɗaya gefen ruwa yana zuba daga ƙofofi.

Suka hau kwalta, Mas'ud ya miƙe sai asibiti.

Kwana huɗu ana zuba magani a leda. Kwana huɗu kuma Saudatu tana tsaye a kan Yalwa a ɗakin koyarwa, da robar gwaji ɗaure a jikin matashin kai. Tsohuwar ba ta san lambar mataki ko ɗaya ba, amma hannunta ya san su duka, don ta kalle su sau huɗu a rana har kusan shekara. Sau biyu ta kusa taɓa bakin robar, sau biyun Saudatu ta daka mata tsawa, ta sa ta koma daga farko. Maimakon kati kuwa, sai ta ce mata ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙarƙashin ledar.

"Layi nawa ne manya a tafinki, Inna?"

"Uku."

"To su za ki nema. Abin da kika gani za ki faɗa, ba abin da kike so ba."

Safiyar kwana na biyar Likita Hayatu ya shigo ɗakin da takardu biyu. Ɗaya sakamakon gwaji ce, ɗaya ta izinin cire roba. Ya ajiye su a kife a kan tebur.

"A yi wankin in gani."

Yalwa ta ɗaura takunkumi, ta wanke hannu. Da aka zo na tara, Alaramma ya fara juyawa bisa al'ada. Saudatu ta zagaya ta tsaya a gabansa.

"Yau ba kawar da kai, Allah gafarta Malam."

Ya ɗaga rigar, ya kai hannuwansa biyu bayansa ya riƙe. Yalwa ta cire murfi, ta haɗa baki da baki ba tare da komai ya gifta ba, ta murɗa. Ruwa ya gangaro. Ba fari ba ne kamar na ran Talata, amma Saudatu ba za ta rantse a kansa ba.

Ledar ta cika. Yalwa ta ɗaga ta, ta shimfiɗa jan tafinta a ƙasa, ta sunkuya.

"Yalwa," in ji Alaramma, murya ƙasa. "Ki duba da kyau. Kin san abin da ke cikin takarda ta biyu."

"Na sani, Malam."

"To me kika gani?"

Ta daɗe. Ta karkata ledar wajen taga, ta dawo da ita.

"Biyu," in ji Yalwa. "Na ukun yana ɓoye. Bai washe ba."

Alaramma ya sauke numfashi, kansa ya faɗi a ƙirji.

Likita Hayatu ya karɓi ledar ya ɗaga ta, ya dubi tsohuwar, sannan ya buɗe takarda ta farko.

"Da kin ce uku, Inna, da yau na cire ta, don da na san babu mai ido a gidan. Gwaji ya nuna cutar tana ja da baya, saura kaɗan. Zan ƙara kwana biyu. Biyu kawai." Ya ninke takarda ta biyu ya sa a aljihu, bai yaga ta ba.

Da ya fita, Saudatu ta ɗauko takardar jarrabawa. Ta ja layi a kan sunan Ladan, ta rubuta Yalwa a sama. Yatsunta suka yi sanyin nan da ta sani. Ta jira ya wuce, ta sa hannu.

"Ƙarar biro nake ji," in ji Alaramma. "Ni fa?"

"Ka faɗi, Allah gafarta Malam."

"Tun ina ɗan shekara tara rabon da a ce mini haka." Ya juya fuskarsa wajen da yake jin numfashin matarsa. "To, Malama Yalwa, saura na sha biyar. Ko sai na biya miki?"

"Rufe baki, kana hura mini numfashi a kan roba," in ji ta.

Ran kwana na bakwai da hantsi, Saudatu tana hanyar Tudun Wada da sababbin katuna huɗu a jaka, kowanne da zanen layi uku ba rubutu, wayarta ta yi ƙara. Lambar nas ɗin da ke ɗakin ce, amma muryar ta dattijuwa ce, kuma wannan karon ba ta cikin mayafi take magana ba.

"Likita? Uku."